Zuma, sinadarin fenol da ciwon ciki: bayani ga masu bin ƙa'idar cimaka

Idan kuna fama da ciwon ciki mai daɗewa, wato kumburi da ƙugi da murɗa da zawo mai tafiya yana dawowa, wataƙila an taɓa ba ku shawarar ku rage ire-iren cimakar da kuke ci har hanji ya huta. A cikin irin wannan ƙa'ida sau da yawa ana hana sukari, a ce a maye gurbinsa da zuma. Wasu suna jin daɗin wannan canji. Wasu kuwa da sun sha zuma sai ciki ya ɗau ƙugi, ko kai ya yi ciwo, ko jiki ya yi ƙaiƙayi. Daga nan sai a shiga neman dalili, kuma dalilin da ya fi yawo a rubuce-rubucen masu bin waɗannan ƙa'idoji a Amurka da Turai shi ne wani rukunin sinadarai da ake kira fenol. Wannan bayani zai nuna muku mene ne fenol, da abin da aka tabbatar game da shi, da kuma abin da ya sa ya kamata a fara tuhumar sukarin da ke cikin zumar kafin a kai ga fenol.

Mene ne fenol

Kun san shi da harshe ko da ba ku san sunansa ba. Baurin da kuke ji in kun tauna goro, ko kun sha shayin da ya daɗe bisa wuta, aikin wani nau'in fenol ne mai suna tanin. Shi ne kuma yake cikin ƴaƴan bagaruwa da majema na Damagaram da Maraɗi suke jeme fata da su. Tanin yana kama sinadarin gina jiki da ke cikin fata ya ɗaure shi, sai fatar ta daina ruɓewa. A baki ma haka yake yi wa miyau, shi ya sa harshe yake bushewa. Jan launin zoɓo fenol ne. Jar dawa mai bauri, wadda tsuntsaye ba su cika yi wa ɓarna ba, ta fi farar dawa yawan tanin. Tsirrai suna ƙera waɗannan sinadarai ne domin kare kansu daga ƙwari da cututtuka da zafin rana, kuma masana sun gano dubban ire-irensu.

Wannan yana nufin babu yadda mutum zai ci tsiro bai ci fenol ba. Yana cikin gero da wake da albasa da zogale da tsamiya da kuka. Jiki kuwa yana da hanyar sallamarsa: bangon hanji da hanta suna liƙa masa wani sinadari da zai sa ya narke cikin ruwa, ƙoda ta fitar da shi cikin fitsari. Abin da bai shiga jini ba yana wucewa babban hanji, inda ƙananan halittun da ke zaune can suke farfasa shi. Kada kuma ku haɗa fenol na cimaka da maganin nan mai ƙarfin wari da ake wanke masai da shi. Dangi ɗaya ne a wajen masana sinadarai, amma wancan guba ne, ba a kai shi baki.

Akwai illa guda ta tanin da aka tabbatar, wadda ta shafe mu ƙwarai, ko da yake ba ita ce ake yawan magana a kai ba. Yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi da wake da ganye, ya hana hanji tsotse shi. Mace mai ciki ko yaro mai ƙarancin jini da ke bin kowace cimaka da shayi mai kauri yana asarar wani kaso na ƙarfen da ya ci. Jinkirta shayi da kamar awa guda bayan cin abinci, da matsa lemun tsami cikin kwaɗo ko miya, suna rage wannan asara.

Dangin asfirin

A cikin dangin fenol akwai wani reshe da ake kira salisilat. Daga cikinsa ne aka samo asfirin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayarwa a 1899. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wasu mutane ba sa jure asfirin: da sun sha sai hanci ya toshe, numfashi ya yi wuya, ko jiki ya fito da borin jini. An fi ganin haka ga manya masu ciwon asma da ke da tsiro cikin hanci, kuma an ƙiyasta abin yana shafar kimanin kashi 7 cikin 100 na manya masu asma.

Tun da tsirrai ma suna da salisilat, sai aka yi tunanin ko na cikin cimaka zai iya yin abin da ƙwayar magani take yi. A farkon shekarun 1970 wani likita Ba'amurke, Benjamin Feingold, ya ba da shawarar a cire salisilat da launukan da kamfanoni ke zubawa cikin abinci daga cimakar yara masu yawan ƙiriniya da rashin natsuwa. A 1985 Anne Swain da abokan aikinta a birnin Sidni na Ostareliya suka auna salisilat cikin ire-iren cimaka 333, suka tarar kayan yaji sun fi kowa, suka kuma sa zuma cikin masu ɗauke da shi. Daga wannan jeri ne yawancin littattafan ƙa'idar cimaka suka ɗauko sunan zuma. Sai dai awon da aka sake yi daga baya a wasu ƙasashe ya ba da adadi ƙasa da na farko nesa ba kusa ba ga cimaka da dama, kuma abin da mutum yake samu daga abincinsa na yini guda bai kai ko kusa da ƙwayar asfirin ɗaya mai miligiram 300 ba. Gwaje-gwajen da aka yi wa ƙa'idar Feingold ma ba su nuna tana amfanar yawancin yara ba.

Akwai kuma wata magana da ta bazu tsakanin iyayen yara masu lalurar otizim a Amurka da Ingila, cewa hantar waɗannan yara ba ta iya sallamar fenol yadda ya kamata, shi ya sa kunnuwansu ke yin ja, barci ya ƙi zuwa. Tushenta wasu ƙananan bincike ne na shekarun 1990. Ba a tabbatar da cewa cire fenol daga cimaka yana gyara wannan lalura ba, haka nan magungunan da ake sayarwa da sunan masu narkar da fenol ba su da hujjar da ta tsaya. In wani ya zo muku da irinsu, ku riƙe kuɗinku.

Ƙa'idoji biyu da suka saɓa a kan zuma

Ƙa'idar da ta ɗaukaka zuma ta samo asali ne daga wani likitan yara na birnin Niyok, Sidney Haas. A 1924 ya bayyana cewa yara masu cutar siliyak, wadda ke sa zawo da rama, suna farfaɗowa in aka hana su hatsi da sukari aka riƙa ba su ayaba. Daga baya wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, ya nuna cewa alkama ce ke jawo cutar, kuma daina cin hatsin ne ya ceci yaran. Duk da haka ƙa'idar Haas ba ta mutu ba. Wata mata mai suna Elaine Gottschall, wadda Haas ya yi wa ɗiyarta maganin gyambon babban hanji, ta sake yaɗa ta cikin littattafan da ta fitar a 1987 da 1994, aka san ta da laƙabin SCD. Tunanin da ke bayanta shi ne hanji mai ciwo ba ya iya yanka sukari mai sarƙa, don haka a hana duk hatsi da dankali da sukarin shayi da ɗanyar madara, a bar nama da kifi da ƙwai da ganye da ƴaƴan itace. Zuma ta tsira daga hani saboda ƙudan zuma sun riga sun yanka sukarinta, ba ta bukatar narkewa.

A 2005 kuma Peter Gibson da Susan Shepherd a birnin Melbon suka fito da wata ƙa'ida dabam, wadda jami'ar Monash ta ci gaba da bincike a kanta, mai laƙabin FODMAP. An yi ta ne domin masu hanjin da ke saurin tayar da hankali ba tare da gyambo ba. A wannan ƙa'ida zuma tana cikin abubuwan farko da ake ragewa, tare da mangwaro da kankana da albasa da tafarnuwa da wake da ɗanyar madara, alhali an yarda da ɗan sukarin shayi. Abin da wancan ya halatta wannan ya hana. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya nuna muku cewa kasancewar abu cikin jerin wata ƙa'ida bai tabbatar da cikinku zai karɓe shi ba.

Abin da ke faruwa cikin hanji

Zuma kusan dukanta sukari ce da ruwa. A matsakaici, cikin giram 100 akwai kimanin giram 38 na sukarin ƴaƴan itace, wanda ake kira furuktoz, da giram 31 na gulukoz, da giram 17 na ruwa. Fenol ɗin da ke ciki ana auna shi da miligiram ne, kuma baƙar zuma ta fi fara yawansa.

Gulukoz yana shiga jini da sauri, domin bangon ƙaramin hanji yana da hanyar jawo shi da ƙarfi. Furuktoz kuwa ƙofarsa ƙarama ce, yana shiga a hankali. In yana tafe da gulukoz daidai wa daida, kamar yadda suke cikin sukarin shayi, gulukoz yana taimaka masa ya wuce. In furuktoz ya rinjaya, kamar yadda yake cikin zuma da mangwaro, rarar tana iya tsayawa cikin hanji. Wannan rara tana jawo ruwa, sai bayan gida ya yi laushi. In ta isa babban hanji, ƙananan halittun da ke can suna cinye ta suna fitar da iska, kamar yadda ƙullu yake kumbura in ya kwana. Daga nan kumburi da ƙugi da tusa da murɗa suke fitowa, yawanci cikin ƴan awoyi bayan sha.

Wannan ba cuta ba ce a kan kanta. A 1995 wasu likitoci a birnin Atina na Girka sun shayar da mutum 20 masu ƙoshin lafiya zuma giram 50 da giram 100, suka auna iskar numfashinsu, suka tarar da yawansu ba su tsotse sukarin duka ba, wasu har suka yi zawo. Kowa yana da iyakarsa. Mai ciwon hanji dai ya fi jin abin, domin hanjinsa yana jin zafin miƙewar da na mai lafiya ba zai kula da ita ba.

Yanzu ku dubi halin mutumin da aka hana hatsi da sukari. Yunwa tana damunsa, kwaɗayin zaƙi yana damunsa, abin da aka bar masa shi ne zuma da ƴaƴan itace. Babban cokali guda na zuma ya kai kimanin giram 21. Wanda a da yake lasar zuma lokaci-lokaci, yanzu yana shan cokali huɗu ko biyar a yini, ga mangwaro a kai, kuma babu tuwo ko fura da za su rage wa sukarin gudu. A ganinmu nan ne matsalar yawancin masu cewa zuma ta daina karɓarsu take: ƙa'idar ce ta ninka musu yawan da suke sha.

A nan akwai wani abu da ya kamata a gyara. Mutane da yawa suna ganin zumar da ta daskare ta yi tsakuwa an gauraya ta da sukari. Daskarewa dabi'ar zuma ce mai yawan gulukoz, wadda kuma ta daɗe tana ruwa-ruwa sau da yawa furuktoz ne ya rinjaya cikinta. Wannan ya danganta da furen da ƙudan suka sha, shi ya sa zumar Gaya da ta Magarya, ko ta rani da ta kaka, ba lalle su yi wa ciki abu ɗaya ba.

Alamun da ba na wasa ba

Zuma tana da daraja a wurinmu, ta cimaka da ta magani, har Alƙur'ani mai girma ya ambace ta cikin Suratun Nahli. Amma akwai halaye uku da bai kamata a yi gwaji da ita a gida ba.

Na farko, jariri. Kada a ba yaron da bai cika shekara guda ba zuma, ko lasa ce, ko cikin ruwa, ko cikin rubutu ko jiƙo. Zuma tana iya ɗauke da ƙwayayen wata cuta da ke tsiro cikin hanjin jariri su fitar da guba mai kashe jijiyoyi. An fara bayyana wannan cuta ga jarirai a Kalifoniya a 1976. Alamunta su ne rashin yin bayan gida, da raunin tsotso, da kuka maras ƙarfi, da wuya da ke langaɓewa. Tafasa zumar a gida ba ya kashe ƙwayayen. Nonon uwa zalla har wata 6 ya wadatar da jariri.

Na biyu, wanda da ya sha zuma, cikin mintoci leɓɓansa ko idanunsa suka kumbura, ko borin jini ya fito, ko maƙogwaro ya shaƙe. Wannan jiki ne yake bore wa ƙurar fure ko ɓurɓushin ƙudan da ke cikin zumar. Ba kasafai ake samunsa ba, amma yana iya kisa. Zumar amya da aka matse tare da saƙa da ƴaƴan ƙuda ta fi tatacciya ɗauke da waɗannan abubuwa. In numfashi ya yi wuya, a garzaya gidan likita nan take.

Na uku, wata cutar gado wadda hanta ba ta iya sarrafa furuktoz sam. A Turai ana samun ta ga kimanin mutum 1 cikin 20,000 zuwa 30,000, kuma tun da sai yaro ya gada daga uwa da uba duka, auren zumunci yana ƙara yiwuwarta. Tana bayyana lokacin da aka fara ba yaro kunu mai sukari ko ƴaƴan itace: amai, gumi, kasala, wani lokaci suma, daga baya hanta ta kumbura, ido ya yi rawaya. Irin wannan yaro yakan tashi yana ƙyamar zaƙi, kada a tilasta masa. A wurinsa sukarin shayi ma haɗari ne daidai da zuma.

Mai ciwon sukari kuma ya sani zuma tana ɗaga sukarin jini, ko an ce masa ta daji ce.

Yadda za ku gane naku

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuna iya binciken kanku da littafi da alƙalami. Ku daina shan zuma har mako biyu, kada ku canza komi cikin sauran cimakarku, kuna rubuta abin da kuka ci da yadda ciki ya kwana. In ba a ga sauƙi ba, ba zuma ce ba, ku mai da ita. In an ga sauƙi, ku koma da cokalin shayi guda, kimanin giram 7, a cikin abinci, ba da sassafe ciki wayam ba. Bayan kwana biyu ko uku ku ƙara zuwa biyu, sannan babban cokali. Yawancin mutane suna tarar da akwai adadin da cikinsu yake ɗauka lafiya.

Ku lura da abin da ya zo tare da zumar. In ita da mangwaro da kankana duk suna kumbura ku, amma shayi da goro da zoɓo da yaji ba sa yi muku komi, to furuktoz ne, domin waɗannan na ƙarshe sun fi zuma fenol ninkin ba ninkin. In kuwa asfirin yana toshe muku hanci ko ya tayar da asma, ku gaya wa lokotoro, shi zai duba batun salisilat, kuma kada ku gwada asfirin da kanku don ku gani. Haka kuma ku lura da madara. Manya da yawa a ƙasar Hausa ba sa narkar da sukarin ɗanyar madara sosai, ko da yake nono mai tsami ya fi sauƙi. Mutum zai sha madarar gari da zuma, cikinsa ya ɓaci, ya ɗora wa zuma laifi.

Kafin ma a kai ga wannan duka, a ƙasarmu kumburi da zawo mai daɗewa sau da yawa daga tsutsar ciki ne ko ƙwayoyin cutar da ke shiga ta gurɓataccen ruwa, kuma awon bayan gida a gidan likita yana iya nuna su. Jini cikin bayan gida, rama ba dalili, zazzaɓi, zawon da ke tayar da mutum cikin dare, ko canjin bayan gida da ya fara bayan mutum ya manyanta, duk ba na gyaran cimaka ba ne, na awo ne.

Hattara da ƙuntata cimaka

An tsara ƙa'idar SCD ne a ƙasashen da nama da ƙwai da kayan lambu suke samuwa dukan shekara. A 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka kan manya 194 masu cutar kumburin hanji da ake kira Crohn, inda aka kwatanta ta da cimakar mutanen bakin tekun Bahar Rum, wadda ba ta hana hatsi. Bayan mako shida, waɗanda suka sami sauƙi ba su kai rabi ba a kowane ɓangare, kuma babu bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu. Ita ma FODMAP masu ita sun ce a tsananta ta mako 2 zuwa 6 kawai, sannan a riƙa dawo da abubuwan ɗaya bayan ɗaya.

A gidan da gero da dawa su ne ƙashin bayan cimaka, hana hatsi yana nufin cire mafi yawan ƙarfin da jiki yake samu. In aka ƙara da hana duk abin da aka ce yana da fenol, wato ganye da wake da ƴaƴan itace da kayan miya, kusan babu abin da ya rage cikin tukunya. Ga yaro, da mai ciki, da mai shayarwa, ƙarshen wannan tamowa ce da ƙarancin jini. Kada a ɗora ɗaya daga cikinsu kan irin wannan ƙa'ida sai da sa idon ma'aikacin kiwon lafiya mai auna nauyinsa akai-akai. Yaro mai zawo kuma a ci gaba da ba shi nono da abinci, a ba shi ruwan gishiri da sukari na cikin fakiti tare da ƙwayoyin zinki kamar yadda aka tsara, kada a maye gurbinsu da ruwan zuma, domin zaƙin da ya wuce kima yana ƙara jawo ruwa cikin hanji.

In za ku je ganin lokotoro, ku tafi da littafin da kuka rubuta cimakarku a ciki, da sunayen duk magungunan da kuke sha, har da na gargajiya, ku kuma faɗa masa cokali nawa na zuma kuke sha a yini da lokacin da kuke shan ta.